Tanti Ya Fara Yoyo a Sakkwato: Gam, Feshi, Kaki ko Tamfol?

Da wuya a samu mai tanti a ƙasar Sakkwato wanda ruwa bai taɓa tashinsa daga barci ba. Manomin da ke kwana a fadamar Wurno ko Kwalkwalawa yana tsaron injin ban-ruwa, masunci a bakin madatsar Goronyo, ɗan agaji mai bin wa'azi gari-gari, mai ba da hayar rumfunan biki, duk sukan kai wannan gaɓar. Da gari ya waye kuma sai shawara ta yi yawa. Wannan ya ce a sayo feshin gwangwani, wancan ya ce a bi ɗinki da gam, tsofaffin hannu su ce a narka kyandir, wani ya rantse bakin mai ya fi komai, wani kuma ya ce a rufa masa tamfol kowa ya huta.

Kafin ka cire ko kwabo, ga abin da nake so ka riƙe. A nan ƙasar rana ce ke kashe tanti, ruwan sama tona asirin kawai yake yi. Ruwan da Sakkwato ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, malka kuma a Agusta. Sauran watannin rana ce da ƙura, a Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. Hasken rana yana cin zaren yadi, zafi yana ɓare shafen da ke hana ruwa shiga, yashin hunturu yana goge abin da ya rage. Duk maganin da ya tare ruwa amma ya bar tanti tsirara a rana, na ɗan lokaci ne.

Fara sanin irin yadinka

Maganin da ya gyara wani tanti shi zai lalata wani, don haka wannan ne matakin da ba a tsallakewa. Iri huɗu ne ke hannun mutane.

Mafi yawan ƙananan tantuna masu sandunan lanƙwasawa, sababbi da na gwanjo, foliyesta ne ko nailan da aka shafa wa wata roba ta ciki, wadda ake rubutawa PU a jikin jakar. Za ka gane shi da ɗan ƙyalli ta ciki, da kuma siririn tef da aka liƙa a kan ɗinki. Na biyu nailan ne mai silikon, ya fi tsada, yana da santsi ciki da waje. Liƙa masa salatif, in ya ƙi kamawa to shi ne. Na uku yadin auduga mai kauri, kambas, irin manyan tantunan sansani. Na huɗu dangin tamfol ne: akwai na saƙar leda marar nauyi, akwai mai kauri na PVC irin na rufe tirela da rumfunan biki.

A jikin wasu jakunkunan za ka ga an rubuta lamba kamar 1500mm ko 3000mm. Ma'anarta tsayin ruwan da za a tsayar cikin bututu a kan yadin kafin ya fara naso. Daga 1,500 zuwa sama ake ɗaukar rufi a matsayin mai tare ruwan sama, shimfiɗar ƙasa kuwa ana so ta fi haka, domin nauyin mutum yana matse ruwa ya shigo. Sai dai lambar ta ranar da ya fito daga masana'anta ce. Bayan bazara biyu a fili ba ita ba ce kuma.

Daga nan sai ka gano ta ina ruwan ke bi. Kafa tantin da rana, ka sa yaro a ciki, ka riƙa zuba ruwa da buta daga ƙasa kana hawa sama a hankali, shi kuma yana nuna maka wurin da ya jiƙe. In ɗigon yana bin layin ɗinki, da kusurwoyi, da inda aka ɗinka madaurin igiya, matsalar ɗinki ce, kuma ita ce ta fi yawa. In yadin ne gaba ɗaya yake shan ruwa ya yi duhu amma ciki bai ɗiga ba, santsin waje ne ya ƙare. In robar ciki tana danƙo, tana wari, tana ɓarewa tana zuba, shafen ne ya mutu. Akwai kuma jiƙar da ba yoyo ba ce sam: wanda ya rufe ko'ina ruf a daren sanyi kusa da Gulbin Rima zai tashi ya tarar da rufin ciki ya jiƙe da tururin numfashinsa. Wannan maganinsa buɗe tagogin iska, ba sai an sayi komai ba.

Ma'aunan da za mu auna da su

Na farko kuɗi, amma ba na rana ɗaya ba. A lissafa sau nawa za a maimaita. Farashin kayan da ake shigowa da su yana bin dala, don haka ba zan kawo farashi ba, zan dai nuna wanne ne mai araha, wanne ne mai tsada. Na biyu ƙarko, wato damina nawa zai kai a irin ranarmu. Na uku sauƙi: ana samunsa a kasuwa ko sai an yi oda, kuma mutum zai iya aikin da hannunsa? Na huɗu haɗari, ga rai da kuma ga tantin kansa, har da tambayar ko za a iya warware aikin in bai yi ba. Na ƙara na biyar wanda littafin mai kaya ba zai damu da shi ba: bayan an gama, ana iya zama a ciki da rana? Tantin da ya tare ruwa amma ya zama ba ya shaƙar iska, a watan Mayu ba wanda zai shige shi.

Gam na ɗinki

Duk inda allura ta bi ta bar huda. Masana'anta kan rufe hudojin da tef, zafi kuma shi ne maƙiyin wannan tef. Tantin da ya yi bazara a but ɗin mota ko ƙarƙashin rufin kwano, tef ɗinsa zai tashi da kansa. Gyaran shi ne a cire wanda ya ɗaga, a goge wurin da sifirit, a bi ɗinkin da gam na musamman da ƙaramin burushi, a bar shi ya kwana a kafe. Wanda aka fi sani shi ne Seam Grip na kamfanin Gear Aid, akwai na yadin PU akwai na silikon, kuma ba sa maye gurbin juna. Gam na PU ba ya kama yadi mai silikon ko kaɗan.

Ta fuskar kuɗi, ƙaramin bututu ne mai ɗan tsada a ido, amma kaɗan ake shafawa, ƙaramin tanti ba zai cinye da yawa ba. Ƙarkonsa shi ya fi na kowa a cikin abubuwan shafawa, domin a yadin PU ta ciki ake sa shi, rana ba ta samunsa kai tsaye. In an yi aikin da kyau yakan yi shekaru. Wahalarsa samuwa, don ba kasafai ake ganinsa a shagon unguwa ba, galibi sai oda ta intanet ko saƙo daga Abuja ko Legas. Aikin kuma na haƙuri ne. A yi shi a inuwa, ranar da babu ƙura, domin ɗanyen gam yana kwashe duk yashin da iska ta kawo. Bayan ya bushe a barbaɗa masa 'yar hoda don kada ya manne da juna wurin naɗewa. Haɗarinsa kaɗan ne, kuma bai taɓa numfashin tanti.

Kada a maye shi da gam mai bushewa nan take irin na liƙa takalmi ko roba. Yana bushewa ya yi tauri, da an naɗe tantin sai ya karye, wani lokacin ya tafi da zaren.

Feshin kamfani

Shi mutane suka fi gudu su saya, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Aikin feshi shi ne ya mayar wa fuskar waje santsinta, ruwa ya riƙa gangarewa maimakon ya zauna. Ba ya toshe huda, ba ya gyara ɗinki, ba ya tayar da shafen ciki da ya mutu. Mutum ya fesa gwangwani uku a kan tantin da ɗinkinsa ne ya buɗe, ruwan farko zai nuna masa ya yi asara.

Iri biyu ne. Akwai masu sinadarin narkarwa irin su Fabsil, masu ƙarfin wari, waɗanda sai yadi ya bushe sarai ake shafawa. Akwai masu haɗin ruwa irin su Nikwax SolarProof, ana fesa shi ko a kan jiƙaƙƙen yadi, kuma an yi shi ne har da rage cin rana. Ga Sakkwato wannan na biyun ya fi ma'ana, don yana fuskantar ainihin matsalarmu.

Tsadarsa tana fitowa ne a maimaici. Tantin da ke yini a rana zai buƙaci sabon feshi kowace shekara kafin damina, babban tanti kuma yana shan kwalabe da yawa. Sauƙin aiki kam babu kamarsa: a wanke da ruwa zalla da soso mai laushi, a fesa, a goge rarar da tsumma. Haɗarinsa a huhu yake. Feshin gwangwani na hana ruwa yana iya jawo mummunar cutar numfashi in an shaƙe shi a rufaffen wuri, saboda haka a fili ake yi, iska na bayan mutum, ba a cikin tantin ko a zaure ba, kuma nesa da wuta.

Haɗin gida na silikon

Wannan dabara ce ta masu yawon daji a ƙasashe da dama, kuma kayanta suna nan a shagunan kayan gini. Ana samo silikon garai-garai marar launi, irin wanda masu aikin gilashi da alminiyam ke matsawa, a dama shi da ruwan tsinka fentin mai wanda masu fenti ke kira tafentain, kashi ɗaya na silikon cikin kashi uku zuwa biyar, har ya narke sarai burushi ya iya ɗauka. A shafa siriri ta waje, a bar shi kwana guda ko fiye har warin ya fita. Tafentain ake nufi. Tina mai zafi ta masu fentin mota tana iya narkar da shafen PU, fetur kuwa ba a ma kawo maganarsa.

A araha ya doke gam da feshi nesa, kuma silikon yana jure rana sosai, damina biyu ko fiye ba abin mamaki ba ne. A kan nailan mai silikon shi ne daidai maganin ɗinkinsa. To amma akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a buɗe bututun: inda silikon ya taɓa, babu abin da zai sake kamawa. Tef ba zai manne ba, gam na PU ba zai zauna ba, faci sai dai a ɗinka ko a liƙa da silikon ɗin. Hanya ce da ba a dawowa. Bayan haka yana jan ƙura, farin tanti zai koma jaja-jaja bayan hunturu ɗaya. In an shafa wa kambas gaba ɗaya da kauri yana rage masa shan iska. Sannan kafin ya bushe yana iya kama wuta, don haka ba a yinsa kusa da murhu ko janareta.

Ni dai ina ganinsa a matsayin maganin tsohon tanti da ake so a ƙara masa shekara ɗaya ko biyu, da na ɗinkin rumfa. Sabon tanti mai tsada ba zan fara masa da wannan ba.

Kaki, kyandir da bakin mai

Shafa wa yadi maiƙo don hana ruwa tsohuwar hikima ce, kuma tana aiki. Kakin zuma ko kyandir da aka goga a kan kambas, aka bi shi da ɗan zafi ya shige cikin zaren, yana tare ruwa ƙwarai. Ga jaka, ko murfin sirdi, ko layin ɗinki guda da ke naso, ba laifi. Matsalar ita ce tanti guda cur, a ƙasa mai zafi irin tamu. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, wasu nau'o'in kyandir kuma tun ƙasa da digiri 50 suke fara saki. Yadin da ke shanye a ranar Afrilu yana ɗaukar zafi fiye da na iskar da ke kewaye da shi, sai kakin ya yi laushi, ya kwashi yashi, ya yi nauyi, ya toshe ƙofofin zaren da kambas ke shan iska ta cikinsu. An kashe babbar fa'idar kambas ke nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shawarar narka kyandir a cikin fetur ko kananzir a shafe tanti. Don Allah kada a yi. A ranar 6 ga Yuli, 1944, a birnin Hartford na Amurka, wata katafariyar rumfar wasanni ta kama wuta mutane cike a ciki. An shafe rufinta ne da kakin kyandir da aka narkar a fetur don kada ruwa ya shiga. Cikin 'yan mintoci ta zube, fiye da mutum 160 suka mutu, da yawansu yara ƙanana. Mu ma ba baƙin labarin ba ne: gobarar da ta tashi a tantunan Mina a Hajjin 1997 ta ci rayukan alhazai fiye da 300, bayanta ne hukumomin Saudiyya suka sauya su da tantunan zaren gilashi masu shafen Teflon waɗanda ba sa kama wuta da sauƙi. Yadi ko ba a shafa masa komai ba abincin wuta ne, balle an jiƙa shi da mai. Kuma a sansanin gona ba a rasa risho, da garwashin shayi, da jarkar man injin a gefe.

Bakin mai kuwa kyauta ake samunsa a gareji, iyakar alherinsa ke nan. Ba ya bushewa, yana ɓata tufafi da shimfiɗa, yana ɗauke da dattin inji mai cutar da fata, warinsa ba ya fita, ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa cikin gona.

Sau da yawa ma sabon kambas ba ya buƙatar komai. Zaren auduga yana kumbura in ya jiƙe, ya toshe hudojin allura da kansa. A kafa shi, a jiƙa shi sharkaf, a bar shi ya bushe, a maimaita sau biyu ko uku kafin damina. Mutane da yawa sun shafe sabon tanti da abin da bai dace ba saboda ya ɗan yi naso a ruwan farko, alhali da sun ƙyale shi da ya daina.

Tamfol a sama

A nan zan daɗe, domin a ganina ita ce hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan mutanenmu, kuma ita aka fi rainawa. A kafa tamfol a saman tanti, ya zama rufi na biyu. Shi zai sha rana, shi zai sha ruwa, shi zai karɓi kashin tsuntsaye da ƙaron itatuwa. In ya mutu a canja shi da kuɗi kaɗan, tantin na nan da ransa. Kamar makuba ce a jikin katangar ƙasa: ita ake sabuntawa, ginin ya zauna lafiya.

Sharaɗin shi ne kada ya kwanta a jikin tantin. A bar tazarar kamu ɗaya ko fiye a tsakani, iska ta riƙa ratsawa. Da wannan tazarar cikin tanti yakan yi sanyi fiye da da, abin da babu feshi ko gam da zai ba ka. A ɗaura igiya tsakanin sanduna biyu ko itatuwa, a yafa tamfol ɗin, a ja gefunansa ya yi gangare sosai, domin inda ya yi kwari nan ruwa zai taru ya karya sanda.

Iska ce babbar jarrabawarsa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma guguwa da ƙura ke riga ruwan isowa. Iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take. Saboda haka ƙofa ta kalli yamma, gefen gabas na tamfol a saukar da shi kusa da ƙasa. A ƙasa mai yashi gajeren turken ƙarfe ba ya riƙewa, a nemi dogayen turaku a kafa su a karkace, ko a ɗaura igiya a buhun yashi a binne. Zoben da ke bakin tamfol mai araha shi ke fara yagewa. Dabarar ita ce a sa ɗan dutse mai santsi ta ciki, a ƙulle shi da igiya ta waje, a ja daga nan. In aka haɗa da guntun tsohon tiyub a tsakani, igiyar za ta riƙa ba da kai in iska ta fizga.

Wane iri za a saya? Shuɗin nan marar nauyi shi ya fi araha, amma rana tana mayar da shi gari, da ƙyar ya wuce shekara a fili. Farin tamfol irin wanda hukumomin agaji ke amfani da shi, mai baƙin zare a tsakiya, yawanci mita 4 da 5 ko 4 da 6, nauyinsa wajen giram 190 a kowace murabba'in mita, an yi shi ne don ya jure rana, kuma farinsa yana mayar da zafi. Na PVC mai kauri ya fi su duka daɗewa, sai dai nauyi da tsada. Tsohuwar banar allon talla danginsa ce, tana da araha, ta kuma isa ga wanda ba ya yawo da kayansa. Wurin gyara ma sun bambanta. PVC yana karɓar faci da gam ɗinsa, shi kuwa na saƙar leda gam ba ya kama shi da kyau, sai ɗinki ko tef na musamman.

Naƙasunsa a bayyane yake: ƙarin kaya ne, yana son sanduna da igiyoyi, yana da ƙara cikin iska, kuma bai tsare ƙasa ba. Don ƙasa, a share tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa kafin kafawa, a shimfiɗa leda mai kauri wadda ta ɗan gaza faɗin tantin. In ta leƙo waje, ruwa za ta tara ta kai shi ƙarƙashin mai barci.

Sabunta shafen ciki, ko sayen sabo

In robar PU ta fara ɓarewa a wuri kaɗan, ana iya kankare ta da soso da sifirit, a shafa sabon ruwan shafe na tanti siriri, a ba shi awa 24. Aiki ne mai cin rai, kayan kuma sai oda. Ya cancanta ga tanti mai daraja wanda yadinsa ke da ƙarfi. Gwajin mai sauƙi ne: kama yadin rufin a inda ya fi koɗewa ka ja da yatsu. In ya yage ba tare da wahala ba, rana ta gama da shi, kuma babu abin shafawa da zai dawo da zare. Mai sayen sabo ya fifita foliyesta a kan nailan, don ya fi jure rana, ya kuma nemi mai rufi biyu.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko a ranarmu | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gam na ɗinki | Matsakaici, sau ɗaya | Shekaru | Sai oda, aikin haƙuri | Kaɗan, in an dace da irin yadi |
| Feshin kamfani | Tsada saboda maimaici | Kimanin shekara | Aiki mai sauƙi, samuwa da wuya | Shaƙa a rufaffen wuri |
| Haɗin silikon | Araha | Damina biyu ko fiye | Kaya na kasuwa | Ba a warwarewa, wuta kafin ya bushe |
| Kaki ko kyandir | Araha zuwa matsakaici | Yana saki a zafi | Wahala a babban tanti | Wuta, nauyi, toshe iska |
| Tamfol a sama | Daga araha zuwa tsada | Ya danganta da iri | Akwai shi ko'ina | Iska mai ƙarfi |
| Sabunta shafen ciki | Matsakaici | Shekaru kaɗan | Mai wuya | Asarar wahala in yadi ya mutu |

Ko wacce ka ɗauka, ajiya ce ke tsawaita ta ko ta gajarta ta. Kada a naɗe tanti da danshi; kwana biyu cikin jaka a watan Agusta sun isa fumfuna ta kama shi, danshi da zafi kuma su ne ke ruɓar da shafen PU. Kada a wanke da omo ko ruwan bilic. Fumfuna a kan kambas a bari ta bushe a goge da burushi, a bi da ruwan khal da aka tsinka. A rataye jakar a ɗaki mai iska, nesa da ƙasa, saboda gara da ɓeraye. Zif kuwa yashi ke kashe shi, tsohon burushin haƙori ya fi masa man shafawa. Maganin sauro na feshi da fiya-fiya kada su taɓa yadin. Kaskon garwashi kuma ba ya kwana a cikin rufaffen tanti komai sanyi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Manomi ko makiyayi da tantinsa ke kafe wuri ɗaya wata da watanni, ya sa kuɗinsa a tamfol mai kyau, fari in ya samu, da dogayen turaku. In da saura, ya bi ɗinkin kusurwoyi da gam. Feshi a wurinsa ɓarnar kuɗi ce.

Matafiyi, ɗalibi ko ɗan agaji mai ɗaukar tanti a bayan babur, wanda ke kafawa da yamma ya naɗe da safe, nauyi ne damuwarsa, ranar da yake sha kuma kaɗan ce. Gam na ɗinki da farko, sai feshi mai haɗin ruwa sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Mayu kafin ruwa ya zauna.

Ƙungiya ko makaranta mai manyan tantunan kambas ta fara da jiƙawa da busarwa. In har yanzu yana naso, a sayi ruwan shafe da aka yi don auduga, wanda ba ya toshe iska, a shafa da burushi. Kaki ya tsaya a layin ɗinki kawai. Abin da ya fi cin kambas ɗin ƙungiyoyi shi ne jibge shi a sito da danshi bayan taro, don haka a ɗora wa mutum guda alhakin shanyawa da ajiya.

Mai hayar rumfunan biki, kayansa PVC ne ko tamfol, feshi ba ya ƙara musu komai. Nasa faci ne da gam na PVC ciki da waje, ƙarfafa kusurwoyi wurin masu ɗinkin tamfol, da silikon a kan layin ɗinkin da aka gama gyarawa, ba kafin ba. Ya kuma riƙa kwance rumfa da an tashi daga taro, kada ta kwana uku a rana tana jiran mota.

Wanda ke da tsohon tanti na gwanjo, aljihu kuma ba nauyi, haɗin silikon zai kai shi damina ɗaya ko biyu, muddin yadin ya ci gwajin ja da yatsu. In bai ci ba, ya cire sanduna da turaku da zif ya adana, ya yanka shimfiɗar ƙasan ta zama abin sawa ƙarƙashin sabon da zai saya.